Igiyar da Ta Ratsa Gidanmu

Daren jiya wani mafarki na yi, har yanzu raina a ɓace yake.

Na ga kaina a wata ƙasa da ake jera garuruwa a kan tsani. Garin da ya fi yawan mutane shi ke hawa matakin sama, kuma shi rana ke fara gaisarwa. Garin Taɓo ne a sama. Namu, Garin Yashi, yana ƙasansa yana cizon yatsa.

Iyakar kowane gari igiyar shanya ce. Wanda igiya ta zagaye ɗan gari ne, a ƙirga shi. Wanda ta bari a waje, 'yan ciki ba sa ganinsa, ba sa jin sallamarsa.

Da hantsi sai ga majiya ƙarfi suna jan igiyarmu, wai a haɗiye ƙauyuka a ƙara yawa. Aka zagaye Tungar Gwanda da masu fura da kasuwarsu. Da aka zo gidanmu igiya ta gaza. Ta bi ta tsakar gida, ɗakina a ciki, ɗakin mahaifiyata Inna Kande a waje. Ina kallo Inna ta ɓace, sai taɓaryarta kaɗai ke hawa da sauka a turmi.

Sai ga ni a ofishin ƙidaya. Shugaban ƙadangare ne, da hularsa zanna.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a matsa igiyar nan kaɗan. Tsohuwar nan a garin nan take cefane, a nan take zuwa asibiti."

Ya gyaɗa kai. Na ji daɗi. Ashe shi komai aka faɗa gyaɗa kai yake.

Ya ce, "A ina take kwana?"

"Bayan igiya."

"To ba ta nan."

"Haba! Ita fa ta haife ni!"

"Ba mu musa ba. Amma yanzu mun yi kunnen doki da Garin Taɓo. Su sun zagaye har da maƙabarta, mun kai ƙara. Kada ka taɓa mana igiya."

Wallahi na so in shaƙe shi, sai ya haye bango.

Sai ga ni a tsakar gida kuma. Ruwan sama yana tashi daga ƙasa, kaji sun fake a ƙarƙashin rijiya. Na ce yau ko ni ko igiya. Na kama ta da hannu biyu, na ja, na ja, har ta tsallake ɗakin Inna. Ai kuwa sai ga ta, tana gyara ɗankwali.

Abin da ban lura da shi ba, igiya ba ta ƙara tsawo. Abin da ta ci ta can, ta saki ta nan. Ni ne a waje.

Inna ta leƙa ɗakina. "Jatau? Kai Jatau!"

Na ce, "Ga ni, Inna." Ta wuce ta gabana. Na bi ta ina ihu, tana tambayar maƙwabta ko sun ga ɗanta. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Bugun ƙofa ne ya tashe ni, ƙwam ƙwam ƙwam.

"Jatau, famfo ya kawo ruwa, fito da bokitai!"

Na amsa da ƙarfin da ya sa Inna ta tsaya ta ce, "Kai, lafiya? Ai ina jin ka."