Baƙo a Dandalin Burtali

Su uku suka ƙera wasan Burtali a wani ɗan shago bayan tashar Ƙanƙara: Safara'u mai rubuta manhaja, wanta Yahya mai kula da na'urar da ke ɗauke da wasan, sai Mani mai zane. Wasan waya ne. Kowa na kiwon garkensa, ya kora shi kasuwa, ya yi ciniki da sauran 'yan wasa kai tsaye. An sha ce musu irin wannan aiki sai manyan kamfanoni. Amma da yake ko a ƙaramar waya yana tashi, sai ga samarin Faskari da Sabuwa sun cika shi, har da dillalan shanu na gaske.

Ranar kasuwa da la'asar, wasan ya cika maƙil yadda bai taɓa yi ba. A ranar ce kuma wakilin wani kamfani a Kaduna ya shiga don ya gani ko za su haɗa gwiwa. Yahya sai zufa yake sharewa yana murmushi.

Safara'u kuwa dandalin hira take karantawa. Wani sabon ɗan wasa, ko saniya ɗaya bai kiwata ba, tambaya kawai yake jerowa. Wa ya saida bijimai yau a Ƙanƙara? Ba na cikin wasa ba, na gaske. Sai Alhaji Gide, dillali mutumin Mabai mai son raha, ya amsa: shi ne, kuma ga shi zai hau babur ya nufi gida.

"Ta wace hanya, Alhaji?" in ji baƙon.

Safara'u ta tuna yadda 'yan bindiga ke tare dillalai a hanya in sun ɗauko kuɗin shanu. Ba ta da maɓallin toshe mutum guda, ba su kai ga gina shi ba.

"Yaya, kashe wasan."

"Mi kika ce? Mutumin Kaduna shina ciki!"

"Dubi nan."

Yahya ya karanta. "Ƙila yaro ne ke shirme."

"In kuma ba yaro ba ne fa?"

Alama ta bayyana a gefen sunan Alhaji Gide cewa yana rubuta amsa. Safara'u ta miƙa hannu ta saman kafaɗar wanta ta kashe da kanta. Allon ya yi fari.

Ta kira wayar Alhajin, tana ta ringi ba a ɗauka. Ta sake. Mani ya figi babur ya yi kara, wurin 'yan shanu. Wayar Yahya kuma sai ruri take, 'yan wasa na zagi, na Kaduna na neman bayani. Safara'u ta tsaya bakin ƙofa tana kallon hanya.

Ana gab da kiran magariba Mani ya bugo. "Na same shi, shina ɗaure kaya. Na hana shi tahiya."

Safara'u ta zauna a ƙasa.

Alhaji Gide ya kwana gidan ƙanensa, da safe ya bi ayarin motoci. Baƙon bai ƙara shigowa ba, ba su kuma taɓa sanin ko wane ne ba. Kamfanin Kaduna ya janye. Da suka sake buɗe wasan, Safara'u ta cire hirar da kowa ke rubuta abin da ya ga dama, ta bar gaisuwa da tayi da sallamawa kawai. Wasu suka yi fushi suka bar shi. Alhaji Gide dai ya dawo, yana mitar an hana shi tsokanar mutanen Sabuwa.