Dutsen Batir a Tsakar Gida

Ummulkhairi ta tauna tsakuwa a lomar farko, ta tofar, ta ture kwanon tuwon.

"Malam, yanzu har a tuwo? Randa ƙura, shanya ƙura, gadon yara ƙura!"

Mijinta Maharazu bai ko ɗago ba. Tun da ya rufe rumfarsa ta dukanci a Kasuwar Kurmi ya koma sarin farin dutsen da ake haƙowa a dazukan Nasarawa, tsakar gidansu a Dala ta cika da buhuna. Dillalai ba sa karɓa sai an farfasa an ware mai kyau, shi kuwa ya ce ba zai ɗauki lebura ba alhali yana da 'ya'ya.

"Ke ba ki san inda duniya ta dosa ba," in ji shi. "Da dutsen nan ake batirin motar da ba ta shan mai. Manyan ƙasashe rububinsa suke."

"To su zo su fasa abinsu mana! Ikram rabonta da makaranta tun kafin azumi."

"Wannan ne lodin ƙarshe."

Haka ya ce a wancan ma. Ta yi tsaki ta tashi.

*

Da hantsi tana wanki ta ji ƙarar Ikram. Yarinyar ta yar da guduma, ta dafe idon hagu, jini na bin tsakanin yatsunta. A daidaita sahu ba ta shiga lungunsu, sai Ummulkhairi ta goya ta, 'yar shekara tara, ta ruga har bakin titi babu ko takalmi.

Likita ya cire ɓarɓashin dutsen, ya ce idon kam ba zai sake gani ba.

"Garin yaya, Malama?"

Ta juya ta dubi Ikram. Yarinyar da ko irin motar mai batirin ba ta taɓa gani ba.

*

Ranar da aka sallame su, suka tarar da Maharazu a zaure, idonsa jajir. Ya shafa kan Ikram.

"Wallahi na ɗau darasi, Ummu. Hakan ba zai sake faruwa ba."

Ta ji ƙirjinta ya ɗan sassauta. Ta ja hannun 'yarta suka shiga ciki.

A gindin buhunan, Mikail, ƙanin Ikram, yana zaune da guduma a cinya. An sa masa wani ƙaton baƙin tabarau, an ɗaure da tsirkiyar fata ta ƙeya don kada ya zame.