Zomayen da Polycarp Ya Bari

A kakar shekarar 1954 ne reluwe ta yi wa Polycarp canjin wurin aiki daga Kano zuwa Jos. Ana jibi zai tashi ya tako har Gyadi-Gyadi da wani akwatin katako a kafaɗa, ya sauke a zauren Malam Maje. Tare suka yi soja a yaƙin Bama, tare suka dawo. Polycarp ya kama aikin jirgin ƙasa, Maje kuwa ya koma ɗinkin hula da noman 'yar gonarsa ta bayan gida.

Zomaye biyu ne a akwatin, mace da namiji, farare tas masu jajayen idanu.

"Ba na yanka ba ne, Maje," in ji Polycarp. "'Yata ce ta raine su, gidan da aka ba mu a Jos kuma ba fili. Ka riƙe min su."

Maje ya karɓa hannu biyu. Shi zomon da ya sani bai wuce na daji da maharba ke ratayowa ba, amma ya ƙudurta a ransa ba za a ce dabbar abokinsa ta rame a gidansa ba. Ya kafa musu akurki a gindin darbejiya. Abin da aka zubo masa a akushi, da shi ake ci da su: lomar tuwo, gutsuren waina, jiƙaƙƙen gero, har ƙuli-ƙuli yakan marmasa musu.

Matarsa Huraira ta ce, "Malam, ni dai ban taɓa jin zomo na cin tuwo a daji ba."

"A dajin wa zai tuƙa masa?" in ji Maje.

Ran kwana na tara ya fito da hantsi ya tarar macen ta takure a lungun akurki. Ya miƙa mata gero, ko shinshinawa ba ta yi ba. Ya ɗaga ta, ya ji cikin ya yi tam, tana niƙa haƙora a hankali. Mutumin da ya ga abin da ya gani a dazuzzukan Bama, sai ga shi yana ƙwala wa Huraira kira a kan zomanya.

Huraira ce ta tuna masa da Nkolika, yayar Polycarp, wadda ke aure a Tarauni wajen wani kafinta, ita ma tana kiwon zomaye. Maje ya shimfiɗa tsumma a kwando, ya sa zomanyar, ya bi hanyar da ta ratsa gonakin dawa. Duk wanda ya gaishe shi a hanya, amsa ɗaya tak yake samu, ba ya tsayawa.

Ya iske Nkolika tana shanya a tsakar gida. Ta daɗe a Kano, Hausa ta zauna a bakinta. Ta karɓi zomanyar, ta shafa cikin, ta tambaye shi me yake ba su. Ya lissafa mata tiryan-tiryan. Da ya zo kan ƙuli-ƙuli ta kau da kai don kada ya ga dariyarta.

"Malam Maje, yaushe rabonta da kashi?"

Maje bai taɓa dubawa ba.

"To nan ne maganar take," in ji ta. "Cikin zomo ba ya son tsayawa. Busasshiyar ciyawa da harawa su ke tura shi, su ne abincinsa safe da yamma, kada su yanke a gabansa. Ganyen dankali ko yaɗiya, 'yar tsakura, kuma a bari raɓa ta bushe tukuna. Dusa, abin da bai wuce tafin hannu ba. Ruwa mai kyau kullum. Dafaffen abinci kuwa naku ne. Ka kuma kiyayi tumfafiya da zurma, ko a cikin ciyawa suka shigo ka tsince."

Ta ɗebo ruwa a cokali ta ɗiga wa zomanyar ta gefen baki, kaɗan-kaɗan. Ta nuna masa yadda zai riƙa murza cikin da yatsu biyu, ba dannewa. Ta ce ya sake ta ta riƙa zagayawa a tsakar gida.

"Za ta tashi?"

"Ba zan yi maka alkawari ba. In ta yi kashi, ka saki ranka."

Da ya koma gida ya kwashe duk abin da ke cikin akurkin, ya wanke kaskon ruwa, ya sauko da damin harawar gyaɗa daga kan rumfa. Namijin ya far wa harawar nan take. Macen ko kallo. Yinin ranar hular da Maje ke ɗinkawa ba ta ƙaru da zare ɗaya ba. Ya ɗiga ruwa, ya murza ciki, ya zauna ya zuba mata ido. Abin da ke cin ransa shi ne wasiƙar da zai aika Jos, da yarinyar da za a karanta wa.

Washegari ma haka aka yini. Sai bayan la'asar, yana alwala a bakin rariya, Huraira ta kira shi ƙasa-ƙasa.

"Malam, zo ka gani."

A gindin randa, inda zomanyar ta tashi, ga 'yan ƙwayoyin kashi baƙaƙe guda shida, ƙanana ƙwarai, busassu. Ita kuwa ta matsa jikin damin harawa ta ja kara ɗaya, tana tauna shi yana shigewa bakinta sannu a hankali.

Maje ya tsuguna. Ya daɗe a haka, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. Ya sauke wani dogon numfashi ya ce, "Alhamdu lillahi."

Da ya fito masallaci, maƙwabcinsa Ya'u mai kiwon tumaki ya dube shi ya ce, "Malam Maje, yau fuskar nan a sake. Albishir aka yi maka?"

Maje ya buɗe baki zai faɗa, ya rasa ta inda dattijo zai fara irin wannan bayani a ƙofar masallaci. Ya yi murmushi kawai.

"Lafiya aka samu a gida. Af, Malam Ya'u, in an tashi tuge gyaɗarku ka ajiye min harawar."