Rezar Saman Katanga

Duk layin an san Gwaggo da iya tsaga maruru. Ita ba ta jiran ya fashe da kansa, a ganinta wannan lalaci ne. Da ta ga kumburi ƙarƙashin kunnen akuya sai ta danne ta da gwiwa a tsakiyar garke, ta ɗauko rezarta a saman katanga, ta tsaga, ta matse mugunyar nan mai kauri a ƙasa, ta tura turɓaya da ƙafa ta rufe. Da rezar nan kuma take yi wa 'yan awaki shaida a kunne. Reza ɗaya, shekara da shekaru.

Awaki goma sha huɗu marigayi mijinta ya bar mata, su ne cinta, su ne shanta. Bana sun koma tara. Ƙyalla ma, uwar garken, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, ga tari ba dare ba rana. Sai da ƙaninta ya yi ta mita kafin ta yarda aka kira likitan dabbobi.

Likitan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana lalubar wuyansu, sannan ya ce, "Gwaggo, in kin tsaga, ina kike zubar da mugunyar?"

"Ina kuwa? Ga ƙasa nan."

Ya dubi inda awakin ke kwance, sannan ya ce mata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, a cikin mugunyar take, kuma takan yi wata da watanni a ƙasa ba ta mutu ba. Ta ɗan rauni take shiga, ko na ƙaya ko na reza, ta je ta zauna a kaluluwa, ta yi wa kanta ɓawo mai kauri da magani ba ya ratsawa sosai. Wanda ya fito waje da sauƙi. Na Ƙyalla ya riga ya shiga huhu.

"To ka yi mata allura mana."

"In kin ce in yi, zan yi. Amma ba zan yaudare ki ba."

Kunya ta kama Gwaggo, ga kuma baƙin ciki. Abu ɗaya ne ya ɗan sanyaya mata rai: 'yan awaki biyu masu ƙoshin lafiya da ta aika wa 'yarta watanni biyu da suka wuce. Ko garken nan ya ƙare, ai iri bai ƙare ba. Sai kuma ta tuna cewa da safen da za a tafi da su ta yi musu shaida a kunne.

Nan take ta buga wa 'yar waya. "Je ki taɓa min ƙarƙashin kunnen jar akuyar nan da na aiko miki."

'Yar ta yi dariya. "Inna, ai ya fito tun shekaranjiya. Kada ki damu, na tsaga shi a garke yadda kika koya min."