Sabar da Ba ta Karɓar Baƙi

"Ni na ce a rufe, kuma an rufe," in ji Ashiru. "Ko sai na rubuta maka a allo?"

Muhsin bai ɗago ba. Yana zaune a kan benci a ɗakin bayan shagon kawun Ashiru da ke Kazaure, inda suka ajiye tsohuwar kwamfutar da suke kira saba. A cikinta duk aikinsu yake: manhajar da suke haɗa wa 'yan kasuwar hatsi, da tarihin kowane gyara, wane ya yi shi, yaushe. Su uku ne. Ashiru mai saba, Muhsin, sai Saude, wadda ke koyarwa a wani ƙauye gaba da Babura, tana turo nata aikin daga can idan ta tashi makaranta.

Wato tana turowa a da. Satin nan saba ta daina saninta.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ashiru ya ga wasu daga ƙasashen waje suna ta gwada kalmar sirri, ya tsorata, ya sa saba ta ƙi duk wanda bai fito daga layin Najeriya ba. Ita kuwa Saude, a ƙauyensu sabis ɗin Nijar ake kamawa, don haka layin Nijar ne a wayarta. Haka kowa yake a can. Ga saba, malamar da aka haifa a Jigawa ta zama baƙuwa.

"Yaya Ashiru, ba sai an kai nan ba," Muhsin ya ce. "A bar shiga da kalmar sirri gaba ɗaya. Kowa ya yi mabuɗin SSH, wato mabuɗin sirri mai rabi biyu, a kwamfutarsa, rabi ya zauna wurinsa, rabi a ɗora a saba. Mai mabuɗi ya shiga, ko daga Zinder yake. Marar mabuɗi ya kwana yana ƙwanƙwasawa."

"Ji shi! Injiniya Muhsin na Roni. In an sace mata kwamfutar fa?"

"A goge mabuɗinta, ta yi sabo."

"Wahala. Kalmar sirri kowa ya iya. Ko kawu ya iya."

Kalmar sirrin da Ashiru ke taƙama da ita sunansa ne da shekarar haihuwarsa. Muhsin ya san haka, don shi ma da ita yake shiga. Ya dubi mutumin: shadda mai sheƙi, agogo, waya biyu a hannu ɗaya, da takardar shaidar kwas ɗin Kano da ya sa a gilashi ya rataye daidai saman saba, kamar ita ke ba ta wuta. Mutum ya kulle taga da ƙusa ya bar ƙofa a hangame, sannan yana jiran a yaba masa.

"To ta yaya za ta turo aikinta?"

"Ta zuba a filash ta hau bas ta kawo. Babura ba Legas ba ce."

"Kullum?"

"In ba za ta iya ba, ai ba dole." Ashiru ya gyara hularsa, ya kalli titi, inda wani mai adaidaita ke faɗa da ɗan acaɓa. "Musaddiƙ ma ya fara koyo. Yana nan cikin gari, ba ruwansa da sabis ɗin Nijar."

Musaddiƙ ƙanen matar Ashiru ne. Muhsin ya taɓa ganinsa yana neman maɓallin kunna kwamfuta a bayan allonta.

Sai a lokacin Muhsin ya tashi. Ya jawo madannai, ya buɗe tarihin gyare-gyaren, ya yi ta gangarawa ƙasa. Lissafin buhu da tiya, Saude. Canjin sefa zuwa naira, Saude. Gyaran abin da Ashiru ya lalata kafin salla, Saude.

"Aikin minti nawa ne in ɗora mabuɗinta," ya ce. "Ka ce in yi."

"Sabata ce."

"Na sani, Yaya."

Wayar Muhsin ta yi ƙara a kan benci. Sunan Saude ne ya fito, da lambar da ta fara da ta Nijar. Ta yi ta ruri, babu wanda ya taɓa ta, har ta gaji ta yi shiru. Fankar saba kawai ke kuka.

Muhsin ya ɗauki wayar ya riƙe, bai kira ba.

"In ta tambaye ni wa ya ƙi ta, in ce mata saba, ko in ce kai?"