Layuka Ukun da Kawu Ya Taka

Aikinmu neman ma'adinai ne tun kafin a haƙa. Na'urar doguwa ce kamar taɓarya, ana rataya ta a kafaɗa ta sauka daidai ƙugu. Tana aika maganaɗisun lantarki cikin ƙasa, in akwai ƙarfe a ƙarƙashi sai lambobinta su haura. Shi ya sa kullum da safe nake ajiye kwano, duk mai ɗaukarta ya zuba makulli, agogo, waya, har bel. Ba na ɗaga wa kowa ƙafa, ko ɗan uban waye.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ke fara zubawa. Ni na samo masa aikin da ƙyar, bayan ya shekara biyu a zaune.

Taswira ta nuna jan zane dogo, alamar ƙarfe, a kan layuka uku cikin waɗanda aka taka da na'urar. Na sa hannu, kamfani ya kawo injin haƙa. Rami uku, dutse zalla! Manaja ya ce kafin a tashi yana son sunan wanda ya yi kuskuren, ya kama gabansa.

Raina a ɓace na kunna na'urar a tsakar ofis. Lafiyarta ƙalau. Kawu ya matso zai miƙo mini ruwa, lambobin suka haura. Ya ja baya, suka sauka.

"Kawu, matso kuma."

Ya matso, suka sake haurawa. Innalillahi! Na duba littafin aiki, layukan nan uku duk shi ya taka su.

"Me ke aljihunka?"

"Ba a aljihu yake ba, 'yar nan," ya dafa ƙugunsa. "Ƙarfe ne da ƙusoshi shida likita ya sa mini a ƙashi. Na san in na faɗa ba za a ɗauke ni ba."

"Haba Kawu! Tun yaushe?"

"Tun ranar da na fizgo ki daga gaban babur, kina shekara huɗu. Ni ya buge. Targaɗe aka ce miki na yi."

Wallahi shekara talatin ina tsokanarsa da tafiyar agwagwa, yana taya ni dariya.

Manaja ya leƙo ta taga. "Injiniya, sunan wa zan rubuta?"

Kawu ya buɗe baki, na riga shi.

"Nawa, ranka ya daɗe. Ni ce ban gwada na'urar a jikin mai ɗauka ba."

Kawu ya tsugunna zai ɗauki makullinsa daga kwano, sau biyu yana suɓuce masa.