Tumoron Jalilu

A duk Turancin da Jalilu ya kwaso a makaranta, kalma ɗaya ce ta yi masa rana: tumoro. Mu dai gobe muka san tana nufi, amma a bakinsa ba ta taɓa tsayawa nan ba. In ya ce wa abokin ciniki tumoro, nufinsa sai mako mai zuwa. In budurwa ya gaya wa, gara ta nemi wani. In kuwa uwarsa ce, Mma Awabu mai sayar da wake da shinkafa a bakin titin Nima, to nufinsa ta kashe wayar, yana da abin yi. Ba shi kaɗai ke da ciwon ba, Accra duk haka take, daga ofis har gareji. Shi dai nasa ya fi na kowa tsanani.

Tun da ya koma Abidjan sayar da kayan waya, ƙanwarsa Mubarika ce ke tare da tsohuwar. Da ciwo ya kwantar da Mma, ita ce wanka, ita ce juyi, ita ce ɗaukar fo. Duk sallah sai Mma ta sa a share ɗakin Jalilu a shanya katifa, wai ya ce yana tafe. Mubarika ta shanya da safe, ta kwashe da yamma, tana haɗiye maganar da ke bakinta saboda tsohuwar na kallon ƙofa.

Ranar wata Laraba da hantsi Mma ta cika. Mubarika ta rufe mata ido, ta fito tsakar gida ta kira shi.

"Bra Jalilu, Mma ya tafi."

Nan take muryarsa ta canza. "Kar ku binne. Ina zuwa tumoro. Wallahi Mubarika, da hannuna zan sa Mma a kabari. Ki gaya wa Kawu."

To a Zango ba a kwana da gawa. Maƙwabtanmu 'yan ƙabilun Ga da Ashanti kan bar nasu a firijin asibiti wata da watanni, har a buga hotuna a ɗinka anko, mu kuwa abin tsiya ne muke yi musu. Namu in ya rasu da safe, la'asar a makwancinsa take samunsa. Kafin azahar an jera bencina a lungu, mata sun ɗora ruwan wanka.

Kawu Alidu, ƙanin Mma, mahauci ne a kasuwar Maamobi, kuma shi ke da ta cewa. Ya ja Mubarika bayan gida, wajen kwata, inda ba mai jin su.

"Na ji saƙon yayanki," ya ce. "Dare ɗaya ba gagara zai yi ba. Ina da mutum a asibiti. Malamai za su yi magana, unguwa za ta zage ni, duk zan ɗauka, don ɗa na da haƙƙin ya sa uwarsa a ƙasa. Amma ba zan sa yayata a ƙanƙara kamar kifi a banza ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ke kika san shi. Zai zo?"

Mubarika ta tsaya tana kallon ruwan kwatar. Ta ji rantsuwar da ya yi, kuma ta san muryar yau ba irin ta kullum ba ce. Amma haushi ya cika mata ciki, haushin shekaru, kuma ba ta ga dalilin da zai sa Mma ta jira shi tana raye, ta kuma jira shi a mace cikin sanyi ba.

"Ba zai zo ba, Kawu."

Kawu ya gyaɗa kai. Bayan la'asar aka yi salla, maza suka ɗauki makara suka tafi, mata suka zauna a gida kamar yadda aka saba. Wayar Mubarika ta yi ta ruri, ta tura ta ƙarƙashin matashi.

Washegari, masu koko ba su gama sayarwa ba sai ga Jalilu a bakin lungu. Ƙafafunsa sun kumbura don zaman mota, idonsa ja, a kan iyaka ya kwana saboda ya tarar an rufe. A hammatarsa akwai farin yadi sabo a leda, likkafanin da ya tsaya ya saya kafin ya hau mota. Ya dubi mazan da ke zaman makoki, ya ga jar ƙasa a takalmansu da ke jere bakin tabarma. Ba sai an gaya masa ba.

Ya durƙusa gaban Kawu. "Kawu, na ce a jira ni."

"Ni na yanke," in ji Kawu Alidu. "Ka yi haƙuri."

"Ba shi ba ne," Mubarika ta ce daga bakin ƙofa. "Ya yarda a jira. Ni aka tambaya, ni na ce ba za ka zo ba."

Jalilu ya juyo. "Amma na rantse miki."

"Ka rantse."

Ta daɗe tana jiran ranar da za ta gan shi haka, baki a mace, gaban mutane. Ga ranar ta zo, ba ta ji sanyin komai ba, sai ɗaci da ya ƙaru. Jalilu ya rasa inda zai ajiye ledar. Kawu ya karɓa ya ce za a kai masallaci, ba a rasa baƙon da zai mutu ba shi da kowa.

Jalilu ya zauna a ƙasa, gefen tabarma. An jima ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, "Wa ya shiga ramin ya karɓe ta?"

"Ni da Idrisu," Kawu ya ce.

"Wane Idrisu?"

"Mai tasi, na gidan baya. Ba ka san shi ba, bayan tafiyarka ya tare. Shi ke kai ta asibiti."